Yadda ake tafiya arewacin Gana ta mota domin aikin sa kai, daga ƙauyen Jigawa

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa, kuma ina noma a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Idan amfanin gona ya shiga rumbu, nakan ɗauki jakar kayan aikina in bi mota har karkarar Tamale da Salaga a arewacin Gana, in yi wata ɗaya ko biyu ina tayar da famfunan da suka mutu, ina koya wa matasan garin gyara, ba tare da an biya ni ba. Matasan garinmu sun yawaita tambayata yadda ake yi, ciki har da masu koyar da karatu da ma'aikatan lafiya. Hanyar duk ɗaya ce, kayan aikin ne kawai suka bambanta, don haka kowa ya sa sana'arsa a inda na sa tawa.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fataken Kano sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro da jakai, kuma jikokinsu na nan a zangunan Salaga da Kumasi da Tamale suna jin Hausa. Abincin da mutanen arewacin Gana ke kira tuwo zafi, da shinkafa da waken da suke kira wakye, daga bakinmu sunayen suka fito.

Kayan da za ka tanada

Takardu su ne farko. Fasfo mai tambarin ECOWAS wanda ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Idan kuɗin fasfo ya yi maka nauyi, takardar tafiya ta ECOWAS da ofishin shige da fice ke bayarwa ta wadatar a Benin da Togo da Gana, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Sai katin allurar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Sai wasiƙar gayyata daga masu masaukinka, mai ɗauke da sunan gari da lambar waya da irin aikin da za ka yi. Ka yi kwafi bibbiyu na kowace takarda, ka ɗauki hotonsu a waya, ka bar kwafi ɗaya a gida. Ka riƙe ƙananan hotunanka guda huɗu.

Kayan jiki: gidan sauro mai magani, tocila, fawa bank, buta, darduma, takalmi rufaffe, rigar sanyi ɗaya, da kayan sawa kala huɗu. Kada ka ɗauki wando ko hula mai zanen kakin soja, zai jawo maka tambayar da ba ka da amsarta a shingen hanya. Soket ɗin Gana mai baki uku ne irin namu, amma a Benin da Togo mai baki biyu zagayayye suke amfani da shi, don haka ƙaramar adafta za ta yi maka rana.

Magani: na zazzaɓin cizon sauro cikakken zubi ɗaya, farasitamol, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, ƙwayoyin tsaftace ruwan sha, bandeji da aidin. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali. Taramol da kodin ko kusa da jakarka kada su zo.

Guzuri: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, kilishi kaɗan, da garin kunu. Suna jure kwana uku a mota.

Kayan aiki: ni ina ɗaukar sifana 17 da 19 da 24, filaya, ƙaramar guduma, sandar kamo bawul na ƙasa (wanda ke hana ruwa komawa cikin rijiya), girisi, igiya, da ƙunshin robobin famfon tuƙa-tuƙa samfurin Afridev. Manyan kaya irin su bututu da rodi ba na ɗauka, a Tamale ake saye. Komai ya shiga jakar goyo ɗaya da gana-mas-go ɗaya. Sunan jakar nan ma tarihi ne mai ɗaci: a 1983 ne gwamnatin Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, akasarinsu 'yan Gana, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969. Idan ka isa can, ka kira ta jaka kawai.

Mataki na 1: Ka sami wanda ya gayyace ka

Wannan shi ne ginshiƙin tafiyar, kuma a nan yawancin masu niyya suke kuskure. Mutum ya ji zuciyarsa ta motsa, ya hau mota, ya isa ƙasar mutane yana tambayar inda zai taimaka. Irin wannan baƙo nauyi yake zama a kan talakan da zai ciyar da shi. Ni tafiyata ta farko ta samo asali ne daga wani malami ɗan zangon Tamale da ya zo ziyara Kano, ya ga ina ciro rodin famfo a masallacin garinmu, ya ce a ƙauyen surukansa famfo uku sun shekara a mace. Ya koma ya yi magana da dattawa, suka aiko da wasiƙa.

Kafin ka amsa, ka yi waya da mutum biyu daban-daban daga garin. Ka tambayi mene ne aikin takamaimai, wa zai ba ka ɗaki, wa zai ciyar da kai, wa zai sayi kayan gyara, kuma matasa nawa za su tsaya tare da kai su koya. Ka sa a turo maka hoton famfon ko ajin ko ɗakin shan maganin ta WhatsApp. Daga hoton kan famfo nake gane ko Afridev ne ko India Mark II ko Nira, in san robar da zan saya. Duk ƙungiyar da ta ce ka turo kuɗin rajista kafin ta gaya maka sunan ƙauyen, ka rabu da ita. Idan ba ka san kowa ba, ka fara da limamai da malaman zawiyoyi da 'yan kasuwar goro na Mariri, da wuya ka rasa mai ɗan'uwa a Gana.

Ma'aikacin lafiya ya lura: duba marasa lafiya a wata ƙasa yana buƙatar izinin hukumar lafiyar ƙasar. Ba tare da shi ba, ka tsaya a wayar da kai da taimaka wa ma'aikatansu.

Mataki na 2: Ka zaɓi lokaci, ka sallami gida

Damina ɗaya suke yi a arewacin Gana kamar mu, sai dai tasu ta fi tsawo, takan kai Oktoba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi: ka girbe gero da dawa da riɗi, hanyoyin ƙauye sun bushe, mutane sun sami sarari. Daga Maris zafi yake tsananta, kuma lokacin sanƙarau ne a can kamar nan. Ka nemi iznin iyaye. Ka auna wa iyali hatsin da zai kai su har ka dawo da ƙarin mako biyu, ka bar kuɗin cefane a hannun wanda ka yarda da shi, ka biya ƙananan basussuka. Mace mai son zuwa ta tafi da muharraminta ko cikin ayarin da aka sani, kuma a tabbatar da masaukinta a cikin gidan iyali tun kafin a tashi.

Mataki na 3: Fasfo da allura

Ka fara wannan wata biyu kafin tafiya. Ana cike takardar fasfo ta intanet da lambar NIN, a je ɗaukar hoto a ofishin shige da fice na Dutse ko Kano. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai da na NIN harafi da harafi, don nan ne ake makalewa.

Allurar shawara sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. Akwai ofishin lafiya na masu fita waje a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ka je da kanka a yi maka allurar. Za ka haɗu da mai cewa zai kawo maka kati ba tare da allura ba. Katin na iya wuce shinge, amma sauron da ke ɗauke da cutar ba kati yake dubawa ba, kuma shawara tana kisa. Ka tambayi allurar sanƙarau a wurin.

Mataki na 4: Kuɗi

Kuɗi iri uku za ka taɓa: naira, sefa, da sidi, kuɗin Gana. Sefar Nijar ita ce ta Benin da Togo, saboda haka kana iya canji a Wapa cikin Fagge ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ka kula, sefar Kamaru da Chadi daban ce, ba ta ciyuwa a Kwatano. Ka nemi ƙananan takardu, na jaka ɗaya (sefa 1,000) da na jaka biyu (sefa 2,000). Sidi kuma a Aflawo, garin Gana da ke kan iyakar Togo, ko a Akra za ka canza. A wata iyaka wani mai canji ya taɓa ƙirga mini kuɗi a gabana, ya karɓa wai zai ɗaure da roba, ya miƙo mini. Sai a mota na ga an zare na tsakiya. Tun ranar, ni ne na ƙarshen ƙirga kuɗi kafin in miƙa nawa.

Farashin mota yana canzawa da farashin mai, don haka ka tambayi wanda ya dawo cikin watan nan. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙa'idata: kuɗin zuwa, kuɗin dawowa, da rabin kuɗin dawowa na ko-ta-kwana. Kuɗin dawowa a ɗinke shi a aljihun ciki, ba a taɓa shi ko da an ga abin tausayi. Ka raba sauran wuri uku.

Mataki na 5: Hanyar kanta

A taswira, hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso ta fi ta bakin teku kusa. Ban ba ka shawararta ba yanzu. Gabashin Burkina yana fama da 'yan bindiga, sannan Nijar da Burkina da Mali sun fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Akwai ta tsakiya, daga Cikanda a jihar Kwara zuwa Nikki, Paraku, Jugu, Kara, a shiga Gana ta Tatale a ɓulla Yandi. Gajera ce, amma canjin mota ya yi yawa, kuma sai da Faransanci da labarin tsaro na ranar. Sabon shiga ya bi ta bakin teku.

Rana ta farko, daga ƙauye zuwa Kano, ka sauka Yankaba, ka wuce inda manyan motocin Legas suke lodi. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, ka ƙaddara yini da kwana. Ka tambayi direba ta inda zai bi, ta Abuja da Lokoja ko ta Birnin Gwari da Mokwa da Jebba, ka zaɓi wadda matafiya suka ce ta fi lafiya a makon. Idan da hali ka raba tafiyar biyu ka kwana a hanya, ya fi tafiyar dare. Kai matafiyi ne, ka yi ƙasaru, ka haɗa sallolin da ake haɗawa, ka riƙe alwala da ruwa a buta don direba ba kullum yake jira ba.

A Legas ka kwana wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ka yi sammako zuwa Mile 2, inda ake samun motocin Seme, iyakar Najeriya da Benin, ta hanyar Badagiri. Daga nan zaɓi biyu ne. Akwai manyan bas da ke tafiya kai tsaye har Akra, su karɓi fasfon fasinjoji su kai a buga. Sun fi tsada amma sun fi kwanciyar hankali, kuma su nake ba sabon shiga shawara. Ko ka yi ta guntu-guntu: Seme zuwa Kwatano, Kwatano zuwa Hilakonji a iyakar Togo, daga nan zuwa Lome, wadda take manne da Aflawo ta Gana. Faɗin Togo a bakin teku bai wuce kilomita 60 ba. A Kwatano masu acaɓa, da ake kira zem, riguna rawaya suke sawa; ka yi ciniki kafin ka hau. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana.

Daga Aflawo zuwa Akra, ka kwana a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, inda za ka ji Hausa ko'ina. Washegari bas ɗin STC ko VIP zuwa Tamale ta Kumasi, Teciman, Kintamfo da Buipe, tafiyar yini guda cur. Jimilla ka ƙaddara kwana huɗu zuwa biyar daga ƙofar gidanka. Garin Bawku a can ƙuryar arewa maso gabas yana da tsohon rikicin sarauta, ana yawan sa dokar hana fita. Idan gayyatar daga can take, ka jinkirta.

Mataki na 6: Tsallaka iyaka

Iyaka uku, hatimi shida: fita da shiga a kowace. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ba biza har kwana 90. Ka isa da rana. Ka shiga ofis da ƙafarka, kada ka miƙa fasfo ga wanda ya tare ka a waje ba kaki ba teburi. Idan an tambaye ka, ka faɗi gaskiya a taƙaice: ziyara da aikin taimako ba na albashi ba, ga wasiƙa, ga lambar mai masauki. Bayan an buga, ka buɗe shafin ka ga hatimin da idonka, ka karanta kwanakin da aka rubuta maka.

Za a ce maka akwai hanyar bayan gida, acaɓa zai zagaya da kai ba hatimi. Wanda ya shiga haka ba shi da bakin magana a kowane shinge na gaba, kuma ranar fita za a tambaye shi ta inda ya shigo. Idan an nemi kuɗin da ba ka gane ba, ka tambayi rasit cikin ladabi, kada ka ɗaga murya. Kada ka ɗauki hoto a iyaka. Kada ka karɓi saƙon kowa a tasha, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka da Allah, sai ka buɗe ka ga abin da ke ciki. Kuma kada ka ɗauki haja don ka sayar ka rage kuɗin mota: dokar Gana ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, kuma an sha samun saɓani da 'yan Najeriya a kan haka.

Mataki na 7: Kwana ukun farko

Kada ka buɗe jakar kayan aiki ranar da ka sauka. Mai masaukinka zai kai ka gaban sarkin garin, ka tafi da goro, ka cire takalmi, ka durƙusa yadda ka ga suna yi, ka bar mai magana da yawun sarki ya isar da saƙonka. Sai limami, sai wakilin mazaɓa a majalisar gunduma, sai kwamitin ruwa na garin, wanda galibi da mata a ciki kuma su suka san ranar da famfo ya fara ciwo. A zango Hausa ta ishe ka, amma a ƙauyukan Dagwamba, mutanen yankin Tamale, ka koyi gaisuwa: dasiba da safe, antire da rana, aniwula da yamma, amsar namiji kuma naa. Za ka tarar da Kirista da masu addinin gargajiya suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya da Musulmi. Aikin ruwa ka zo yi wa kowa, siyasar jam'iyyunsu da rigimar sarautarsu ba naka ba ne.

Ka tambaya ko akwai makanikin yanki da ke cin abinci da wannan sana'ar. Kusan kullum akwai. Ka neme shi, ka girmama shi, ku yi aikin tare, kuma kwamiti ya biya shi haƙƙinsa. Na taɓa gyara famfo biyar kyauta a wani yanki ina murna, ashe na hana wani magidanci abincin wata guda, mutane kuma suka daina tara kuɗin gyara suna jiran baƙo. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma shi ya canza yadda nake aiki.

Mataki na 8: Aikin

Ka zagaya duk famfunan da littafi kafin ka taɓa ko ɗaya. Gwaji biyu nake yi. Na farko, a tuƙa har ruwa ya zo, a bar shi minti 30, a sake tuƙawa. Idan ya wuce bugu biyar kafin ruwa ya fito, akwai yoyo a bawul na ƙasa ko a bututu. Na biyu, bugu 40 cikakku cikin minti ɗaya ya ba da kamar lita 15. Idan ya gaza sosai, robar fistin, abin da ke ɗago ruwa a cikin bututu, ta cinye. Afridev yana da daɗin sha'ani, don ana ciro rodi da fistin da bawul ta cikin bututu ba tare da an ɗaga bututun ba, mutum biyu sun isa. India Mark II kuwa sai an ciro bututun ƙarfe gaba ɗaya, kada ka fara sai da mutum huɗu da abin riƙe bututu, don idan ya suɓuce cikin rijiya aikin ya koma na makonni. Ka jera rodi a kan itace, kada su taɓa ƙasa, ka wanke su da ruwan kulorin kafin a mayar. Idan babu kulorin, ruwan bilic marar ƙamshi da aka sirka ya yi, sannan a tuƙa a zubar har warin ya tafi kafin kowa ya sha.

Famfo na farko kai za ka gyara suna kallo. Na biyu ku yi tare. Daga na uku ka sa hannunka a baya, ka yi magana kawai, ko da sun ninka lokacin da za ka ɗauka. Kuɗin roba ya fito daga asusun kwamiti, ko kaɗan ne, kuma ka tafi da ɗaya daga cikinsu shagon kayan famfo a Tamale ya san wurin da farashin. Kada ka yi alkawarin sabuwar rijiyar burtsatse ko kuɗi daga Najeriya idan ba a hannunka suke ba.

Dattawan yankin Savelugu, kusa da Tamale, za su nuna maka tabon kurkunu a ƙafafunsu. An tabbatar da kawar da cutar a Najeriya a 2013, a Gana kuma a 2015, kuma ruwa mai tsafta na cikin abin da ya kore ta. Idan famfo ya mutu, mata komawa suke yi tafki da dam, da gudawa da tsargiyar da ke ciki. Kai ma kada ka yi wanka a dam, ka kwana cikin gidan sauro kullum, kuma zazzaɓi ya kama ka ka je a gwada jininka ranar.

Mataki na 9: Dawowa

Ka sa ranar tashi da sauran aƙalla mako guda a kwanakin da aka rubuta maka. Ka zauna da kwamiti, ka miƙa littafin: kowane famfo, abin da aka canza, da watan da za a sake duba shi. Sifanu da sandar kamo bawul nakan bar su a hannun kwamiti a gaban sarki, ba a hannun mutum ɗaya ba. Ka yi sallama gida-gida da waɗanda suka ciyar da kai, ka ba uwar gidan da ta yi maka girki turmin atamfa ko abin da ya sawwaƙa. Ka canza ragowar sidi a Aflawo kafin ka tsallaka, don a Kano ba kowane mai canji ke karɓarsa ba. Bayan wata uku ka kira wanda ka koya wa, ka sa ya yi gwajin minti 30 a kowane famfo ya faɗa maka bugu nawa ya ƙirga.